Irin Albasar da Muka Bar wa Juna

Ƙarshen damina ne, lokacin da yara ke gasa tumu a bakin murhu, raɓa kuma ta fara kwana a kan zana. A irin wannan lokaci mutanen Aliero ke gyara wurin rainon albasa. Shekarar ba ta zo da daɗi ba. Ruwa ya yi yawa har ya ci ƙasan fadama, mai ya yi tsadar da injinan ban-ruwa suka kwanta a zauruka kamar marasa lafiya, in ka gai da mutum sai ya amsa a gajarce ya wuce. Ni kuma a lokacin na dawo daga Jega, inda 'yata ta riƙe ni ina jinyar ƙafa har damina biyu suka wuce ni a kwance. Da na shiga ɗakina ban duba tufafi ba, ban duba kwanoni ba. Na miƙa hannu bayan gado na jawo wani ɗan gora mai toshiyar tsumma, na girgiza shi kusa da kunnena. Ya yi ƙara yadda ya saba. Amma na san ƙarar ba shaida ba ce. Gero yana iya kwana a rumbu shekaru ya tashi da ransa, irin albasa kuwa ba ya jira. In shekara ta zagayo ba a shuka shi an ɗebi sabo ba, sai ya fara sanyi. In ta sake zagayowa, ƙwayar tana nan baƙa wuluk, amma ba kowa a ciki.

Irin da ke cikin goran na Innarmu ne, ita ma a hannun tata uwar ta karɓa. Albasa ce 'yar madaidaiciya, ja, mai yajin da in ana yanka ta a tsakar gida na zaure ma sai ya share ido. Da ita na tashi. Abin da ke tashe mu da safe a lokacin kukan jigo ne, icen yana ƙara in guga ta nutse, ya sake ƙara in ta taso, sai ka ji ruwa yana bin lambatu yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya. Mu 'yan mata aikinmu ganye ne. Mu kwaso lawashi, mu daka, mu dunƙula gabu mu jera a rana, hannunmu ya yi kwanaki yana wari ko da mun wanke da toka. Albasar kuma a jera ta a rudu, wato rumfar karan da ake ajiye ta iska na ratsawa, ta zauna nan har tsakiyar damina ba ta ruɓe ba. Saboda haka Babanmu bai taɓa gaggawar sayarwa ba. In dillali ya zo ya yi tayin da bai yi masa ba, sai ya ce masa ya gai da gida. Yanzu ba jigo, sai ƙugin inji, shi ma sai ranar da aka sami mai. Gabu kuwa jikokina sun ce yana ɓata musu miya, sun fi son ɗan dunƙulen nan na kanti mai naɗin takarda.

Iri aikin mata ne. Innarmu ke zaɓen manyan kawuna masu lafiya, a dasa mata su a gefen fadama, su yi tsiri su fitar da farar fure, ƙudan zuma su yi ta kai da kawo. In sun bushe sai a yanko, ta baza tabarma ta murje da tafin hannu, ta sheƙe a faifai. Ranar ba a rufe ƙofa. Kowace maƙwabciya ta shigo sai an zuba mata cikin tafi ta ƙulle a bakin zane, in nata ya nuna ita ma ta aiko. Ba a sayar da iri, abin kunya ne. Na taɓa tambayar Innarmu me ya sa take ba masu nasu. Ta ce, "Ba kyauta nika yi ba, ajiya ce. Ranar da gara ta ci nau, na san gidajen da zan bi." Ban ƙara tunanin maganar ba sai da na tsufa.

Yayanmu, babban wana, shi ne ya fara barin gida. Ya tafi Kaduna ya kama aiki a wata masaƙa, ya shiga ƙungiyar ƙwadago. Shekarar da na zo goyon ciki gidanmu, cikin ɗana na fari, ita ce shekarar da suka yi yajin aiki aka sallamo su na wani lokaci, ya dawo da akwatin rediyo da baki cike da magana. An buɗe ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu amma mata ba su da malami, sai ya ce shi zai yi. Da yake matan aure ne, sai ya zauna a bayan zana, mu muna ciki, ni ke karɓar allo ta sama in miƙa. A haka na koyi baƙaƙe da wasula, abin da nake rubutu da shi yanzu. Sai dai Yaya ba ya iya tsayawa a kan ba da bi da bu. Kafin a jima ya shiga bayanin yadda ake ɗaukar audugar da aka noma a ƙasarmu da arha, a haye teku da ita, a dawo mana da ita atamfa da tsada. Ya ce Turawa sun sauke tutarsu amma ba su janye hannunsu daga rumbunmu ba. A bakinsa na fara jin jari-hujja, na fara jin gurguzu. Ya ce akwai masu yankan rake da masu haƙar ma'adinai da masu dakon jirgin ruwa a ƙasashen da ba mu taɓa jin sunansu ba, kuma dukkansu 'yan uwanmu ne, ciwonmu ɗaya, wata rana za a tashi tare.

Ƙawata Kulu ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Ta ɗaga murya ta ce, "Malam, su waɗanga 'yan uwan namu na ƙetare, sun san da mu kuwa? In sun sani, ka ce su aiko muna da sabulu."

Muka fashe da dariya. Daga bayan zana ya ce, "Kulu, ke dai rubuta min sabulun tukuna, in ga ko za su iya karantawa."

Tumba, wadda ta fi mu natsuwa, ta ce, "To shi gurguzun nan mi a shi, a taƙaice? Tuwo na jirana."

Ya ce, "Kin ga abin da Inna ka yi ranar murzar iri? To shi ne. Su can sun rubuta shi a manyan littattafai, ku nan kuna yi da tafin hannu."

Innarmu tana gefe tana tsinkar zogale ta ce kada a sa ta cikin rigimar birni.

Ina cikin wankan jego aka zo da irin gwangwani. Wata farar mota ce ta tsaya ƙarƙashin itacen da ke ƙofar gidanmu, inda maza ke zama, don haka duk abin da aka yi a kunnena aka yi, ina zaune bayan katanga da jariri a cinya. Baƙon ya yi bayani da ladabi. Ya ce iri ne daga ƙetare, albasarsa takan kai dunƙulen hannun babban mutum, kuma bana kyauta ne, har da taki. Maza suka yi ta hamdala. Sai na ji muryar Yaya.

"Ranka shi daɗe, bana kyauta. Baɗi fa? In munka ɗebi iri daga wagga albasa munka shuka, za ta haifi irin kanta?"

Baƙon bai yi ƙarya ba, wannan na shaide shi. Ya ce gaskiya an fi son a sayi sabo kowace shekara, don na biyu ba ya yin kyau kamar na fari.

Yaya ya ce, "Kun ji ko? Yau kuna da iri a ɗakunan matanku, ba mai tambayarku. Ranar da kunka bar shi ya mutu, sai wanda ba ku taɓa gani ba ya yarda kana ku yi noma."

Wani dattijo, abokin wasan gidanmu, ya ce, "Kai ɗan masaƙa, an kore ka daga aiki ka zo ka kore mu daga arziki? An ce mutanen da kaka bi ko Allah ba su sani ba."

"Baba, sahu ɗaya munka yi asuba da kai. Kai ne ma ka makara raka'a guda."

Aka yi dariya, har shi dattijon. Amma dariyar ba ta hana kowa miƙa hannu ba. Babanmu ma ya karɓa, ya ce mutum ya kawo maka abu har ƙofar gida ba ka kunyata shi. Da la'asar Yaya ya zo bayan zana bai ce a ɗauko allo ba. Ya ce shi bai iya da maza ba, amma iri a hannunmu yake. Ya roƙe mu kowace ta riƙe fangali ɗaya na tsohuwar albasa duk shekara, duk inda zama ya kai ta, komai daɗin sabuwar. Innarmu ta tashi ta ɗauko goranta, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a tafi. Kulu ta ce wannan ai abu ne mai sauƙi, ko makaho ya yi. Muka ƙulle a bakin zane. A ranar na ji a jikina cewa muna cikin wani abu mai girma, mu da masu yankan raken nan da ba mu sani ba. Ban sake jin haka ba.

Ba zan ɓoye ba, sabuwar albasa ta yi abin da aka ce. Ta cika buhuna, manyan motoci suka riƙa kwana a bakin hanya suna lodi zuwa kudu, aka yi rufin kwano, aka sayi babura, wasu suka sauke farali. Mutane suka riƙa nuna Yaya da baki. Sai a hankali aka gane halinta. Ruwa ne a cikinta, ba ta zama a rudu, in ta daɗe sai ta zube ta yi wari. Dole kowa ya sayar lokaci ɗaya, kuma ranar da kowa ke sayarwa mai saye ke magana. Ba ta yi sai da taki, ba ta yi sai da feshi, ba ta yi sai da inji, inji kuma sai da mai, kuma ba ko ɗaya daga cikinsu da ake yanke farashinsa a inda muke iya zuwa mu yi magana. Manomi ya zama kamar ɗan aiki a gonar ubansa. Gumi nasa, hasara tasa, amma kafin ya shuka sai ya jira gwangwani ya iso.

Yaya ya koma masaƙa, ya yi shekaru, yana zuwa da salla. Wata shekara na same shi zaune da rediyonsa a kashe. Ya ce babbar ƙasar nan ta gurguzu da suke ji da ita ta watse, ba wanda ya harbe ta, daga ciki ta zube. Ya ce, "Mu nan muna cewa ko mun gaza, na can suna riƙe. Wa ya sani, wataƙila su ma haka sunka ɗauka game da wasu." Bayan wasu shekaru masaƙar ta rufe, don an cika kasuwa da yadin waje mai arha. Ya dawo ya kafa rumfa a kasuwar Jega yana sayar da gwanjo, tsofaffin tufafin mutanen ƙetare, shi da ya yi ƙuruciyarsa yana saƙa sabo. Bai ƙara maganar tashi tare ba. Abu ɗaya kawai yake tambayata in na je gaishe shi: "Ana nan ana riƙe?" In ce ana nan. Haka har Allah ya karɓi abinsa. Kuma gaskiya nake faɗa masa, domin ban taɓa tsallake shekara ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan bar min gefen fadama yana tsokanata da cewa gonar 'yan adawa ce.

Da ciwon ƙafa ya kayar da ni za a tafi da ni Jega, na bar kawunan da na zaɓa a cikin kwando. Wanda ke noman fadamar yanzu shi ne ɗan farin nan nawa, wanda ke cinyata ranar farar mota. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi doguwar magana da shi, kunya ce da aka gada. Don haka matarsa Saratu na kira na ce ta gaya masa a dasa min su a wurin da aka saba. Yana zuwa duba ni a Jega, ya durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa gaisuwa ina kallon bango. Sau da yawa tambayar takan zo min har baki, sai in haɗiye. Na ce a raina ai ya sani.

Ranar da na dawo, bayan na girgiza goran, na kira Saratu na ce ina sabon irin da aka ɗebar min. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ta ce shekarar farko ruwa ya ci rabin fadama, wurin da ya rage bai isa ba, sai ya ce a bari sai baɗi. Kafin baɗi kawunan sun tsiro a kwando sun lalace. Ta ce, "Iya, ya ce ai ƙawayenki na da shi, in kin dawo sai a karɓo." Ban yi faɗa ba. Na ce ai gaskiya ya faɗa, don haka aka yi ajiyar. Na jiƙa tsumma na zuba 'yan ƙwayoyi daga goran na naɗe, na ajiye a inuwar randa, don in gani ko da saura. Sannan na sa aka nemo min mai babur.

Garin Fagada na fara zuwa, can aure na biyu ya kai Kulu. Na same ta ta rame amma bakin yana nan. Ta rungume ni tana cewa, "Wa nika gani? An ce kin mutu, ashe ƙafa ɗai ta riga ki!" Muka sha fura, muka yi ta lissafin waɗanda suka rasu. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai dariyar ta tsaya.

"Ke 'yar uwa, ai ni na daɗe da bari. Tun da yaran nan sunka sai da fadamar. Na ce ai ƙanwar Malam na nan, ita ko sama za ta faɗo ba ta bari. Ko Tumba. Je ki wurin Tumba, kin san ta da riƙo."

Washegari na kama hanyar Maiyama, daga nan muka saki kwalta muka shiga Sarandosa, babur yana tsalle ƙafata tana amsawa. Tumba idonta ya tafi, da murya ta gane ni. Ta sa jikarta ta ɗauko wani ƙullin tsumma daga cikin tukunya ta miƙo min. Da na kwance sai gari da ɓawon ƙwari. Ta ce tun da ta daina gani ba wanda ya dasa mata, ta dai ajiye don kada a ce ta yar da amana. "Amma hankalina kwance shike," in ji ta, "don na san ke da Kulu kuna yi." Na riƙe hannunta na ce eh. Ban ga amfanin in ɗauke mata wannan kwanciyar hankalin ba. Na tambaye ta gidajen da muka taɓa ba wa irin, ta lissafa, duk ko sun rasu ko sun bari. A kan babur muna dawowa, muna ratsa gonakin da aka gyara ana jiran gwangwani, maganar Yaya ta ranar da ya kashe rediyo ta dawo min. Ba wanda ya ƙwace mana irin nan. Kowace ta sake shi a hankali, da zuciya ɗaya, don ta amince da 'yar uwarta.

Na ba tsumman kwanakin da irin albasa ke buƙata, na ƙara masa wasu. Ranar da na buɗe, ƙwayoyin sun kumbura sun yi laushi, ba ko ɗaya da ya fitar da farin zare. Bayan magariba ɗan nawa ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa. Saratu ta gaya masa inda na je. Ya ce, "Iya, da kin faɗa min da bakinki." Na ce wa bango, "Da an tambaye ni." Ya ce bana irin ya yi wuya, sai da ya bi layi a Jega kafin ya sami gwangwani ɗaya, kuma ba shi da tabbacin ko mai kyau ne, sai an shuka a gani. Ya ce gobe za a zuba raino, kuma yadda aka saba, hannun babba ke fara zubawa. In ƙafata za ta iya. Na ji muryarsa irin ta ubansa in ya rasa yadda zai yi. Furfura ce a gemunsa, yara ne a bayansa, kuma ba shi ya kawo farar mota ba. Na ce Allah ya kai mu.

Da safe na yi salla, na ɗauki sandata, na sa goran a cikin mayafi. An riga an tausasa ƙasar an yayyafa ruwa. Ya miƙa min gwangwanin ta hannun Saratu. Rubutu ne a jikinsa ko'ina, baƙaƙen duk na san su, su ne Yaya ya koya min ta saman zana, amma da na haɗa su ba su ce min komai ba. Na yi bisimilla na zuba musu nasu, don yara za su ci abinci. Da suka juya ɗaukar kara za a rufe, na matsa can ƙarshen fangalin, na cire toshiyar goran, na juye abin da ke ciki gaba ɗaya, na ja ƙasa da tafin hannu na rufe. Saratu ta gan ni. Ta ce, "Iya, ai wannan ba shi tsira." Na ce na sani. Na ce ta miƙo min butar in ba shi ruwa.